Shekarar da Muka Yanke Darmar Tarakta

Bana ruwa ya yi jinkiri a Gure. Mako biyu ke nan hadari yana haɗuwa a gabas da la'asar, ya yi baƙi, ya yi ta gurnani, sai iska ta taso ta watsa shi. Shekaranjiya ina zaune a ƙofar gida bayan azahar, zafi ya hana kowa motsi, har awaki sun lafe a gindin katanga suna haki, sai ga wata tarakta ta wuce za ta wajen Bune. Sabuwa ce fil, direbanta na cikin ɗakin gilashi yana magana a salula, ko hayaƙi ba ta yi. Amma ta bar warin gazuwal, wato man dizal, a bayanta, warin ya gauraya da na ƙasa mai zafi, nan take na ji maƙogwarona ya bushe kamar na mai azumi, alhali yanzun nan na ajiye moɗa. Shekara arba'in ke nan ko ma fi, jikina bai manta ba.

Lokacin ban kai talatin ba. Muna zaune a ƙauyenmu tsakanin Gure da Gidigir, ni da matata Zainabu, da ɗiyarmu Hajo tana goye, da mahaifiyata da muke kira Inna. Damina biyu a jere ta ƙi mu. Ta farko mun samu abin da ya kai mu tsakiyar rani. Ta biyu gero ya fito, ya kai gwiwa, ya tsaya nan har ya ƙone, ko karan kirki ba mu tsinta ba. Shanunmu wasu suka mutu, wasu aka rabu da su a wulaƙance. Majiya ƙarfi suka gangara kudu ci-rani, gari ya rage daga tsofaffi sai mata da yara.

Abin da na fi tunawa shi ne shiru. A da amon turmi ke tada garinmu, gida ya amsa wa gida. A shekarar nan sai ka wuni ba ka ji an ɗaga taɓarya ba, in kuwa ka ji, to goruba ce ake dakawa. Mata kan fita da sassafe su ɗebo anza a daji, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita, kuma bai taɓa fita duka ba. Wasu su kakkaɓo ƙarangiya su sussuke ta, hannuwa duk ƙaya. Dusar da a da ake zuba wa tumaki ta koma kunu. Ana cikin haka watan azumi ya kama, a tsakiyar bazara. Na tuna wani tsoho a ƙofar masallaci ya ce azumin bana bai sha wahalar nemanmu ba, ya tarar mun riga shi farawa. Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

Gidanmu na cikin masu dama-dama, domin ni ne direban taraktar koperatif, ƙungiyar haɗin gwiwar manoma. Wata shuɗiya ce, tsohuwa, wasu masu aikin taimako suka kawo ta, da suka tashi suka bar ta. Jigilar kanwa da dabino da ruwa nake yi da ita, garmarta kuwa ta daɗe a jingine tana tsatsa, tunda gonakinmu rairayi ne, hauya ta ishe su. Ladana buhun gero ɗaya ne a wata. Wannan buhun shi ya tsaya tsakaninmu da anza.

A kudancin gari akwai wani kwari da muke kira Baƙa. Iyayenmu sun san shi tabki, ana kama kifi a ciki. Ya ƙafe, ya bar baƙar laka mai tauri kamar daɓe, ta tsattsage har hannu na shiga. Faɗinsa, in kana wannan baki ba ka gane na wancan bakin sai da rigarsa. Tsofaffi suka ce in aka fasa wannan ƙasa kafin ruwan farko, duk ɗan abin da ya sauka a kan tuddai zai gangaro ya kwanta a ciki, dawa za ta kai ko da damina ta sake yin rowa. Amma wa zai fasa? An gwada fartanya, tsalle take yi ta dawo. Maigari ya je Gure ya roƙi shef, shugaban koperatif, aka ba mu izinin tarakta da tano biyu, wato ganga biyu, na gazuwal. Iri kuwa tsofaffin mata suka fito da shi, daga cikin goruna da tsummokaran da suka ɓoye wa yunwarsu da ta jikokinsu.

Ranar farko gari duka ya fito kallo. Na sauke garma mai faifai uku, na taka. Tarakta ta yi gaba taku biyar, ta yi tari, ta mutu. Na tada ta, na ɗaga garmar kaɗan, sai ta riƙa ƙarzar ƙasar kamar kaza. Kwana uku ina wannan fama, abin da na fasa bai wuce farfajiyar masallaci ba, gazuwal kuwa sai tafiya yake.

A rana ta huɗu Baba Kiari ya zo. Bamange ne, dattijo, ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci a soja, ya dawo gida yana kula da ƴan itatuwan dabinonsa a gefen kwarin. Ba mai yawan magana ba ne. Ya ce in tada inji, ya ɗauko wani dogon turnabis, wato sukudireba, ya kafa bakinsa a jikin ƙarfen, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka.

"Idi," ya ce da ni, "wannan ba ciwo gare ta ba. Yunwa take ji, kamar mu."

"To me za a yi mata, Baba?"

"Tukuna. Ba a ƙara wa mai toshewar hanci tuwo sai an buɗe masa hanci. Kwance wancan."

Wuni guda muka yi muna wanki. Filtar iska ta cika da rairayi kamar an ɗura da hannu, ta gazuwal ta yi baƙi ƙirin. Ya kwance kawunan da ke fesa mai a cikin inji, ya goge su ɗaya-ɗaya a kan wani farin ƙyalle, ya hana ni ko numfashi a kansu. Da muka mayar, muryarta ta washe, ta ja garmar taku ashirin kafin ta durƙusa. Baba Kiari ya girgiza kai. Ya kira ni gefen inji, ya nuna mini pompin gazuwal, wanda shi ke auna wa inji abincinsa. A bayansa akwai wani ɗan bis, wato sukuru, da noti ya ɗaure, an zagaye su da siririyar waya, an like bakin wayar da darma mai tambari.

"Pompin ya tsufa, ba ya ba ta mudun da aka yanka mata," in ji shi. "In aka juya wannan bis kaɗan, zai ƙara mata. Za ta ja. Amma sai an yanke darmar nan."

Na san darmar. Ranar da aka ba ni lakile, makullin taraktar, shef ya ɗora yatsa a kanta ya ce, "Ka ga wannan? Ita ce aikinka. Ran da ta yanke, kai ma ka yanke."

Washegari na ari raƙumi na tafi Gure. Shef ba mugun mutum ba ne. Ya saurare ni har na gama, ya share gumi, ya ce ba shi da ikon taɓa ta, sai an rubuta takarda Damagaram, a turo mai gyara, ƙila bayan salla.

"Ranka ya daɗe, ruwa ba zai jira salla ba."

"Na sani, Idi. Amma ni ma akwai na sama da ni." Ya raka ni har bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba.

Da aka sha ruwa a ranar, muna zaune a tsakar gida da ƙwaryar kunun tsamiya da dabino uku-uku, na faɗa musu abin da ke raina. Inna ta ci gaba da jan carbi. Zainabu ta ajiye ludayi.

"Malam, ka san gida nawa ke cin buhun nan?"

Na ce namu ne mana.

"Biyar. Duk ran da ka kawo, sai na auna wa gidan Yaha, da na makauniyar nan, da matan ƙannenka biyu da mazansu suka tafi. Ƴar ƙwarya ɗaya-ɗaya, ba ka sani ba. In aka kore ka, me zan auna musu? Me zan ba wannan?" Ta nuna Hajo da ke barci a cinyarta. "Dawar da ba a ko shuka ba?"

Gaskiya ta faɗa, kuma har yau ban ga inda ta yi kuskure ba. Amma da aka sallame asuba ƙafafuna kwari suka nufa.

Na tarar da Baba Kiari ya riga ni, yana zaune a kan garma da jakar kayan aikinsa. Ya miƙo mini ƴar awartaki.

"Ni ba ni da abin rasawa," ya ce. "Kai ne mai buhu. In za a yanke, da hannunka."

Wayar ba ta fi zaren ɗinki kauri ba. Na yi bisimilla na datse, darmar ta faɗi cikin tsagar ƙasa, ban ko neme ta ba. Baba Kiari ya karce alama a jikin bis ɗin da bakin wuƙa, ya karce wata a jikin pompi, don a san inda aka taso. Ya sassauta notin, ya sa turnabis, ya juya a hankali kamar mai ɗiga wa jariri magani.

"Rubu'in juyi," ya ce yana ɗaure notin. "Ka ji? Rubu'i. Ƙarin mai ƙarin wuta ne, ƙarin wuta kuma ƙarin zafi. Ka riƙa duban hayaƙi. In ya yi ruwan toka, lafiya. In ya yi baƙi, cikinta take dafawa. Idonka a kan allurar zafi, kuma daga hantsi ya ɗaga ka kashe ta sai la'asar."

Da na tada ta, tun daga kujera na ji bambanci. Muryarta ta yi kauri, ta cika. Na sauke faifan nan uku har ƙasa, na saki ƙafa. Ta yi nishi, ta ɗan ɗaga kai, hayaƙi mai ruwan toka ya tashi, sai na ji ta ci gaba. Na waiga. Ƙasar Baƙa tana birkicewa a bayana, hoge-hoge kamar kan mutum, kuma ƙarƙashinta ba busasshe ba ne. Baƙa ce wuluk, mai sanyi, tana ƙamshin tsohon tabki. Wata tsohuwa da ta zo itace ta durƙusa ta damƙi ƙasar ta shinshina, ta miƙe ta rangaɗa guɗa. Wata biyu ko uku rabon da a ji guɗa a garinmu.

Matsalar ita ce zafi. Radiyata tana yoyo tun da can, yanzu ga ƙarin wuta, duk zagaye huɗu allura ta haura. Baba Kiari ya ce a tsaya, a bar inji yana juyawa a hankali, a yayyafa ruwa a gabanta, a ƙara mata a ciki kaɗan-kaɗan. Ruwan kuwa sai an ɗebo daga rijiyar bakin kwari. Maigari ya yi shela. Da na kai ƙarshen kunya na juyo, sai na hango mata sun jero da tuluna a ka, ta gabansu kuwa Zainabu ce, Hajo a bayanta. Ta sauke tulu ba ta dube ni ba.

"Ba don kai na zo ba," ta ce. "Tunda ka riga ka jefa buhuna a ramin nan, ba zan bari ya ƙone a banza ba."

Ban san ko akwai wanda zai gane abin da ake ji ba, mutum yana azumi a bazarar Gure, leɓɓansa sun tsage, harshensa kamar tsumma a baki, ya ɗaga tulun ruwan rijiya mai sanyi yana tsiyaya wa ƙarfe. Kana jin ƙarar shigarsa, ƙul-ƙul-ƙul. Yana zubo maka a yatsu, yana gangara har gwiwar hannu. Matan da suka ɗauko shi su ma azumi suke, suna tsaye suna kallo, kowa na haɗiyar abin da babu. Liman ya ce wanda aikin ya fi ƙarfinsa ya sha ya rama daga baya, amma ba wanda ya so ya zama na farko. Abin da nake yi kawai, in jiƙa rawanina in naɗa a ka, kafin zagaye ɗaya ya bushe ƙamas.

Haka kwanakin suka jeru. Daga asuba in hau, ƙarfe na da sauran sanyi, in yi ta yi har hantsi. Tsofaffi na bin bayana da sanduna da taɓare suna farfasa hoge. Maigari da liman suna ja da igiya suna raba wa kowane gida rabonsa, a kafa kara. Nawa na ce a sa shi can ƙarshe, a kusurwar yamma, kada a ce direba ya fara da kansa. Rana ta take, mu kwanta a inuwar goruba kamar matattu, ba mai iya magana. La'asar ta yi, a koma. In rana ta faɗi, nan bakin kwari ake shan ruwa, kowace mace ta kawo ɗan abin da ta samu a haɗa. Baba Kiari ya zazzage dabinon da ya rage masa a tabarma. Na ci abinci iri-iri a rayuwata tun daga lokacin, har a otal a Damagaram, amma ban sake jin daɗin wani abu kamar kurɓin farko na ruwan rijiyar nan ba, da ɗan gishirin kanwarsa, hannuna na warin gazuwal.

A rana ta tara da yanke darmar aka aiko wa Baba Kiari ƴar'uwarsa ta rasu a Kelle, ya tafi. Saura gidaje kamar goma ba a fasa musu ba, kuma can yamma ƙasar ta fi tauri, ga saiwoyi. Tarakta ta koma nishi, sai na rage faifai na bi wuri ɗaya sau biyu. Washegari da hantsi iska ta juya. Ta zo daga gabas da ɗanshi, da wannan ƙamshi da duk manomi ya sani. Na ɗaga kai na ga gindin sama ya yi duhu. In ruwa ya sauka a kan lakar nan, tarakta ba ta sake shiga, nutsewa za ta yi har ciki. Masu gidajen da suka rage suna tsaye kusa da karansu, kallona kawai suke.

Na sauka, na ɗauko turnabis. Na ga alamar da Baba Kiari ya karce. Na ce a raina, in rubu'i ya yi wannan aiki, ƙari fa? Na juya rabin juyi cur a kan nasa.

Wayyo, ranar na ga ƙarfi. Ta yi ruri kamar bijimi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe har ba na ganin masu bina, faifai uku suna keta saiwoyi kamar ana yanka kabewa. Hantsi ya ɗaga ban kashe ta ba. Azahar ta yi, na sauka na yi salla a gurguje tana kunne, na koma. Mata suna gudu da tuluna, ruwan na taɓa ta yana zama tururi. Allura ta kwanta a ja, na kawar da ido. Gida ɗaya, gida biyu, gida bakwai, gida tara. Na gama wa kowa. Na juya kanta zuwa kusurwar yamma, garma ta shiga rabona taku kamar goma, sai na ji wani ƙwanƙwasa daga can cikinta, kamar ana buga ƙofa da dutse. Farin tururi ya fashe ta gaba. Ta yi wata irin girgiza, ta tsaya. Shirun da ya biyo baya har kunne yake sa wa ciwo.

Ruwan bai ma zo ranar ba. Hadarin ya watse.

Kwana biyu bayan haka Baba Kiari ya dawo. Bai shiga gida ba, kwari ya wuce. Ya zaro sandar duba mai, ya ga man ya koma fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga cikinsa. Ya sa kile, wato sifana, ya gwada juya inji, ko motsi. Sannan ya sunkuya ya dubi alamar da ke jikin bis. Ya daɗe yana dubanta.

"Rubu'i na ce maka," ya ce. Ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Daga ranar, in na yi masa sallama zai amsa, don musulmi ne, amma ba ya ƙara ko harafi.

Ruwa ya sauka ana saura kwana huɗu salla, da yamma liƙis, rana ba ta kai ga faɗuwa ba. Ya zo da iska da tsawa, manyan ɗigo masu zafin duka. Gari duka aka fito waje, tsofaffi da mata, aka tsaya a cikinsa, fuska a sama, baki a rufe gam don azumi. Ruwa na bin gemu, yana bin leɓe, ba mai buɗewa. Da ladan ya kira, mutane da tafin hannu suka tara suka sha. Da safe muka je Baƙa, ta shanye ruwan tuddai duka, ta yi luɓus. Aka shiga shuka. Da aka gama, ban roƙi kowa ba, na ga tsofaffi da mata sun nufi kusurwar yamma da fartanyoyi, tunda ruwa ya tausasa ƙasar. Gayya ce ba fura ba tuwo. Suka fasa mini abin da ƙarfinsu ya kai, wajen rabi.

Bayan salla shef ya zo da mai gyaran da aka turo. Mai gyaran ya duba pompi ya ce an yanke darma. Baba Kiari ya matso ya ce shi ya juya bis ɗin. Na ce a'a, ni na yanke, kuma ni na yi ƙarin da ya kashe ta. Shef bai yi faɗa ba. Ya juya ya dubi kwarin, dawa ta fito ta yi kore shar daga wannan baki zuwa wancan. Sannan ya miƙo hannu, na sa masa lakile.

Watanni ukun da suka biyo su ne mafi wuya da na taɓa gani. Buhu ya yanke, mu ma muka shiga anza. Zainabu ta rame har zobenta na faɗuwa, nono ya ja baya, Hajo ta yi ta kuka da wata ƴar siririyar murya da har yau ba na son tunawa. Ko sau ɗaya Zainabu ba ta ce mini ai ta faɗa ba. Gidajen da take auna wa gero su suka koma aiko mana, yau tafasa, gobe ɗan madarar akuya a gindin ƙwarya don yarinya. Damina kuma ta sake yin rowa, geron tuddai rabinsa ya ƙone. Amma Baƙa ta riƙe ruwanta. Dawa ta wuce kan mutum, ta yi kai, muka kwashi kwanaki muna korar tsuntsu da gwangwani, taraktar na tsaye a kusurwa, ganye ya rufe ta har sitiyari.

Yau kwarin nan lambuna ne, da injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, jikokin matan da suka yi jigilar tuluna suna noman albasa da rogo. Ƙarfen taraktar tuni masu sayen tsofaffin ƙarafa suka kwashe. Daga cikin waɗanda suka tsaya a layin rijiya, waɗanda ke raye ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma Zainabu ba ta cikinsu.

Ranar da aka gama girbin waccan shekarar na dawo daga masallaci da la'asar na tarar da ƙofar gidanmu ba wurin wucewa. Dammunan dawa ne jingine da dangan kara, kowane gida ya kawo ɗaya, ba wanda ya shawarci wani. A cikin gida ina jin amon turmi, Zainabu da maƙwabta suna daka, gida na amsa wa gida har ƙarshen gari. Ina tsaye na rasa abin yi, sai ga Baba Kiari tafe, dami a ka, da tsufansa. Na ruga in karɓa, ya ƙi, sai da ya kai shi ya jingine da kansa. Ya karkaɗe hularsa, ya zauna a kan dakali yana maida numfashi. Na tsuguna a gabansa.

"Baba, ka yafe mini. Na kashe ta."

Ya dubi dammunan.

"An ce mini ranar hadari ya haɗu sosai," ya ce.

"Ya haɗu, Baba."

"Gida nawa suka rage?"

"Goma, har da nawa."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Da ni ne a kanta, da mutanen nan tsaye suna kallona, da ni ma na ƙara." Ya ɗaga yatsa ya nuna ni. "Amma da ban kai rabi ba."

Sai ya leƙa ta ƙofa ya ɗaga murya ya ce da Zainabu, "Ɗiyata, in tuwon ya nuna a zubo mana a akushi ɗaya, ni da wannan mai taurin kan."